'Ya'yana, Ku Yi Hattara da Alƙaluman Kafin Zaɓe

'Ya'yana, da zarar guguwar zaɓe ta fara kaɗawa sai in ga wayoyinku sun cika da hotunan alƙaluma: jam'iyya kaza tana da kashi 41, wance tana da kashi 33, saura sun raba ragowa. Wanda aka sa gwaninsa a sama yana ta turawa yana habaici, wanda aka sa nasa a ƙasa yana rantsuwa sayen su aka yi. Kafin magariba abokai biyu da suka tashi a layi ɗaya sun daina gaisawa, a kan lissafin da babu ɗayansu da ya san wanda ya yi shi. Shi ya sa na ga ya dace mu tattauna a kan ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, musamman wadda ake yi don hasashen zaɓen 'yan majalisa, domin a nan ta fi yawan ba masoyanta kunya.

Ku fara sanin cewa aikin nan ilimi ne mai ƙa'ida, babu bugun ƙasa a cikinsa. Wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi irin ta Dawanau ya san mai saye ba ya zazzage buhun dawa don ya ga kyanta. Ɗan ƙarfen nan mai rami yake sokawa, ya zaro 'yan ƙwayoyi ya duba a tafin hannu. In ya soka sama da tsakiya da gindi, abin da ya gani a hannunsa shi ne a cikin buhun. In kuwa ya tsaya a baki, inda mai kaya ya zuba mai kyau, to zai sayi ƙaiƙayi da kuɗinsa. Haka masu jin ra'ayi suke yi da al'umma. Masana lissafi sun tabbatar cewa idan aka zaɓo mutum 1,000 ta hanyar da kowane ɗan ƙasa yake da damar faɗowa ciki, amsar ba ta cika kauce wa gaskiya da fiye da kashi 3 cikin 100 ba, sama ko ƙasa. Ke nan in kun ga an rubuta wannan 36, waccan 34, ba a gaya muku wanda ke gaba ba, kunnen doki ne. Wannan kashi 3 ɗin ma na rashin sa'a ne kurum. Bai haɗa da ɓarnar tsayawa a bakin buhu ba, kuma ita ce babbar.

Ku dubi Birtaniya, inda aka shekara fiye da 70 ana wannan sana'a, ga kuɗi, ga ƙwararru, ga ƙidaya ingantacciya. A zaɓen majalisa na 7 ga Mayun 2015, kusan duk kamfanonin sun haɗu a kan magana ɗaya: jam'iyyar Conservative ta David Cameron da Labour ta Ed Miliband sun yi kankankan, kowacce wajen kashi 34, babu mai iya kafa gwamnati ita kaɗai. Makonni aka kwashe jaridu ba su da zance sai wa zai yi ƙawance da wa. Da ƙarfe goma na dare, ana rufe rumfuna, BBC ta fitar da sakamakon tambayar da aka yi wa mutane a bakin rumfa bayan sun jefa ƙuri'a, wanda ya ba Conservative kujeru 316. Paddy Ashdown, tsohon shugaban Liberal Democrats, yana cikin shirin, ya ce in wannan ya tabbata zai cinye hularsa a bainar jama'a. Washegari Conservative ta tashi da kujeru 331 cikin 650, rinjaye kai tsaye, da tazarar fiye da kashi 6 a ƙuri'u. Jam'iyyar Ashdown ta faɗo daga kujeru 57 zuwa 8. Miliband ya ajiye shugabancin jam'iyyarsa a ranar, shi kuma Ashdown aka kawo masa kek mai siffar hula a wani shirin talabijin.

Abin da ya burge ni shi ne yadda suka ɗauki kunyar. Aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Farfesa Patrick Sturgis na Jami'ar Southampton, ya fitar da rahoto a 2016. Da yawa sun zaci za a ce masu amsa tambaya ne suka yi ƙarya, ko suka canja ra'ayi a daren ƙarshe. Kwamitin ya ce babban laifin yana wajen zaɓo waɗanda aka tambaya tun farko. Matasan da suka yarda suka amsa irin masu ci da kwana da siyasa ne, sun bambanta da sauran matasa da ranar zaɓe ke wucewa suna harkar gabansu. Tsofaffi tukuf kuwa, masu fita zaɓe ko ana ruwa, ba a samu isassunsu ba. Wani binciken da aka yi gida-gida bayan zaɓen ya ƙara fito da abin fili: waɗanda aka tarar tun zuwan farko sun fi karkata ga Labour, waɗanda sai da aka yi ta komawa kafin a same su sun fi karkata ga Conservative. Mai sauƙin samu da mai wuyar samu ra'ayinsu daban, amma ranar zaɓe ƙuri'a ɗaya-ɗaya gare su.

Akwai kuma abin da ke tsakanin kamfanonin su kansu. Kowa yana gudun ya fita daban a yi masa dariya. Shugaban kamfanin Survation ya fito bayan zaɓen ya amsa cewa a jajibiri sun samu sakamakon da ya ba Conservative 37, Labour 31, kusan daidai da abin da ya faru, amma suka ji tsoro suka ƙi fitarwa don ya saɓa wa na kowa. Saboda haka in kun ga kamfani goma sun faɗi abu ɗaya, kada ku yi saurin ɗauka shaidu goma ne. Mai yiwuwa kallon juna suke yi.

Ga wanda na fi so ku riƙe. Ko da kamfani ya dace da kason kowace jam'iyya daidai wa daida, bai gama aiki ba, domin ba da kason ƙasa baki ɗaya ake shiga majalisa ba. Zaɓen majalisar Birtaniya zaɓuka 650 ne da ake yi rana ɗaya, kowace mazaɓa da nata. Wanda ya fi ko da ƙuri'a ɗaya ce ya ɗauke kujera, na biyu ya koma gida hannu rabbana. A zaɓen nan na 2015, jam'iyyar UKIP ta samu ƙuri'u kusan miliyan 4, wajen kashi 13 cikin 100, ta tashi da kujera ɗaya tak. SNP ta yankin Scotland ƙuri'unta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, ƙasa da kashi 5, amma ta kwashe 56 daga kujeru 59 na yankinta. Magoya bayan UKIP a warwatse suke, ko'ina tana ta biyu ko ta uku. Na SNP a dunƙule suke wuri guda. A 2024 aka sake gani: Labour ta Keir Starmer ta samu ƙasa da kashi 34 na ƙuri'u, amma kujeru 411. Reform UK ta fi Liberal Democrats yawan ƙuri'u, ta samu kujeru 5, ita kuwa Liberal Democrats 72. Kafin wannan zaɓen kamfanoni sun yi ta ba Labour kusan kashi 40. Kuskuren bai gaza na 2015 ba, sai dai ba a tada jijiyar wuya ba tunda wanda suka ce zai ci shi ya ci.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin da irin wannan tsari ake zaɓen sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 a Najeriya. Ku yi lissafin da kanku. Kamfani ya tambayi mutum 2,000 a faɗin ƙasa, in aka raba wa mazaɓu 360, kowacce ba ta samu mutum shida ba. Da bakin mutum biyar za a faɗi wanda zai wakilci Dala, ko Funtua da Dandume? Ga shi kuma mutanenmu ba kullum suke yin sak ba, sun iya wake da shinkafa. Ranar 25 ga Fabrairun 2023, rana ɗaya, rumfuna ɗaya, Atiku Abubakar na PDP ne ya zo na ɗaya a Katsina a zaɓen shugaban ƙasa, amma kujerun sanata uku na jihar APC ta ɗauke. A Legas Peter Obi ne a gaba, sanatocin uku kuwa duk na APC. A Kano Kwankwaso ya yi wa kowa nisa, amma Barau Jibrin na APC ya riƙe Kano ta Arewa. Wajen zaɓen ɗan majalisa mutum yana duba wanda ya sani ne: wa ya zo ta'aziyya, wa ya haƙa rijiyar burtsatse, wa aka ƙaƙaba a zaɓen fitar da gwani har 'yan jam'iyyarsa suka yi fushi suka yi masa zagon ƙasa, wace ƙaramar hukuma ce take ganin yanzu lokacinta ne. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke fitowa idan an buga wa mutum waya an tambaye shi jam'iyyar da yake so.

Sai maganar ciki, wanda Hausawa suka ce ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A Indiya majalisar wakilai tana da kujeru 543, mai son kafa gwamnati yana buƙatar 272. A 2024 jam'iyyar BJP ta Narendra Modi ta yi yaƙin neman zaɓe da taken cewa ita da ƙawayenta za su haye 400. Ranar 1 ga Yuni, da aka gama zagaye na bakwai na jefa ƙuri'a, tashoshin talabijin suka fitar da hasashen bakin rumfa. Yawancinsu sun ba ƙawancen Modi fiye da 350, wasu har suka kai shi 400. Ranar Litinin 3 ga wata kasuwar hannun jari ta Mumbai ta yi tashin gwauron zabo, kowa na rububin saye. Ranar Talata aka ƙirga: BJP 240, ƙawancen baki ɗaya 293. Modi ya koma kan mulki, amma sai da ya jingina da ƙananan jam'iyyu. Kasuwar ta faɗi da kusan kashi 6 cikin 100 a yini guda, waɗanda suka zuba ajiyarsu ranar Litinin suka kwana cikin asara. Pradeep Gupta, shugaban kamfanin Axis My India, ya fashe da kuka ana tsaka da shiri kai tsaye, ma'aikatan tashar suna rarrashinsa. A jihar Uttar Pradesh kaɗai, mai kujeru 80, BJP ta faɗo daga 62 zuwa 33. An yi sharhi iri-iri a kan dalili. Ni dai a ganina, talakan da yake karɓar tallafin hatsi daga gwamnati, baƙo ya tare shi da takarda yana tambayarsa wa ya zaɓa, ba lalle ne ya buɗe masa cikinsa ba. Zai faɗi abin da zai raba su lafiya, ya wuce.

A nan gida ma, ƙuri'ar jin ra'ayin da NOIPolls ta yi wa gidauniyar ANAP gab da zaɓen 2023, wadda aka yi ta yayatawa don ta sa Peter Obi a gaba, fiye da rabin waɗanda aka tambaya ko dai sun ce ba su yanke shawara ba, ko sun ƙi faɗa. Wannan yana cikin rahoton, ba a ɓoye shi ba. Masu turawa ne suka datse shi suka bar wurin da ya yi musu daɗi. Sannan cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba, alhali in ka tambayi mutum ko zai yi zaɓe, kunya ma ta isa ta sa ya ce zai yi. Ke 'yata, kin fi ni sanin wani ɓangaren. Mata nawa ne a ƙauyen kakanninki za su ɗauki kiran baƙuwar lamba, su ji muryar namiji yana tambayar siyasa, su tsaya su amsa masa dalla-dalla? Amma ranar zaɓe su ne ke cika layi tun da hantsi, da goyo a baya.

Wani abin kuma, hasashe yakan canja abin da ya hango. A Faransa an yi zagayen farko na zaɓen majalisa ranar 30 ga Yunin 2024, jam'iyyar RN ta Marine Le Pen da ƙawayenta suka zo na ɗaya da wajen kashi 33. Masu hasashe suka ce ita ce za ta fi kowa kujeru, har ana maganar ko za ta kai 289 ɗin da ke ba da rinjaye cikin 577. Jin haka ya sa abokan hamayyarta, waɗanda su ma ba sa ga maciji da juna, suka janye 'yan takara fiye da 200 don kada su raba ƙuri'a. Ranar 7 ga Yuli ƙawancen masu ra'ayin gurguzu ya zo na ɗaya, ɓangaren Shugaba Macron na biyu, RN ta uku da kujeru kimanin 140, duk da ta fi kowa yawan ƙuri'u. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Alƙaluman farko ba ƙarya suka yi ba, mutane ne suka gan su suka sake shiri.

Ƙuri'ar da kuke yi a Facebook da X kuwa, ku ɗauke ta a matsayin nishaɗi. Mabiyan mai shafi ne ke amsawa, masu data da caji, wani da asusu uku. Kada yawan lambar ya ruɗe ku, ba girin-girin ba, ta yi mai. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsoshi fiye da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Jiha biyu kacal Landon ya ci cikin 48. George Gallup, da mutanen da ba su kai kashi 3 cikin 100 na wannan adadi ba amma an zaɓo su da lura, shi ya faɗi daidai.

To, idan hoton alƙaluma ya faɗo wayarka, ɗana, ka ɗan dakata da yatsanka. Nemi sunan wanda ya yi aikin, ka ga ko yana da ofis da tarihi, ko jiya aka haife shi don wannan kakar. Nemi wanda ya biya kuɗin, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma 'yan siyasa sun daɗe da gane cewa talaka yana son bin inda ya ga nasara, don haka sukan sayi hasashe kamar yadda suke ɗaukar sojojin baka. Duba ranar da aka yi tambayar, da yadda aka kai ga mutanen, ta waya ko gida-gida, da harshen da aka yi musu magana. Mai aikin gaskiya yana bayyana duk wannan ba tare da an roƙe shi ba. Wanda ya ba ka lamba tsirara, babu kwanan wata babu bayani, ya raina maka hankali, bai cancanci datarka ba.

Kada wannan ya sa ku yi watsi da abin gaba ɗaya. A 2017 Firaministar Birtaniya ta lokacin, Theresa May ta Conservative, ta kira zaɓen gaggawa tana ganin tazarar kusan kashi 20 a gabanta. Kamfanin YouGov ya yi amfani da wata sabuwar hanya ta lissafin mazaɓa-mazaɓa, ya ce za ta rasa rinjaye, har ya ce Canterbury, kujerar da ke hannun Conservative kusan shekara ɗari, za ta koma Labour. Aka yi masa dariya, kuma duka biyun suka tabbata. Hasashen bakin rumfa na Birtaniya, wanda Farfesa John Curtice yake cikin jagororinsa, ya sha faɗin gaskiya, saboda suna komawa rumfunan da suka je a zaɓen baya su kwatanta, kuma suna ba mutum takarda ya cike a asirce ya jefa a akwati, ba sai ya faɗa da baki ba. Irin wannan ƙwarewa muna buƙatarta. Afrobarometer tun 1999 take bin gidaje a ƙasashen Afirka tana tambayar mutane da harshensu a kan ruwa da tsaro da makaranta da yadda suke ganin shugabanni, kuma da irin wannan ake tunkarar gwamnati da hujja. Waɗanda Allah ya ba basirar lissafi a cikinku, ga fili nan. Wanda ya san ƙauye, ya san yadda ake sallama a zaure, ya san a tura mace ta yi magana da mata, zai samo amsar da mai buga waya daga nesa ba zai taɓa samu ba.

Abu biyu ne suka fi damuna, kuma na ga dukansu da idona. Na farko, saurayi ya ga an ce ɗan takararsa ya yi nisa, sai ya ce ƙuri'ata ɗaya ba za ta ƙara komai ba, ya kwanta. Wani ya ga an ce nasa ya faɗi, sai ya ce wahalar banza ce, shi ma ya kwanta. Kujerar majalisa kuwa sau da yawa 'yan ɗaruruwan ƙuri'u ke raba gardama a kanta, wato mutanen layi biyu ko uku. Na biyu ya fi haɗari. Mutum ya shafe watanni yana haɗiyar alƙaluman da ke gaya masa abin da yake son ji, ranar da sakamako ya saɓa sai ya ce ba makawa an yi maguɗi, ya fita titi a fusace. Mun san ana maguɗi, ba wanda zai ce muku babu. Amma hasashe ba ya zama shaida a kansa, in ba haka ba da Miliband ma ya ce an yi masa. Shaidar maguɗi tana rumfa: takardar sakamakon da aka cike a gaban jama'a, wakilan jam'iyyu suka sa hannu, aka liƙa kwafinta a bango. Da ita ake zuwa kotu.

Saboda haka ku nemi katin zaɓenku tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku san sunayen masu neman kujerar mazaɓarku ta tarayya da ta jiha, ku binciki abin da mai ci ya yi a shekara huɗunsa. Ranar zaɓe ku fita ko alƙaluma sun ce me, ku jefa ƙuri'arku, ku tsaya cikin natsuwa har a ƙirga, ku ɗauki hoton takardar da wayar nan taku. Allah ya yi muku albarka, ya ba mu wakilai na gari.